Jadawalin da ya riga hujjarsa fitowa: nazarin aikin ƙayyade shekarun daulolin Xia, Shang da Zhou

A tarihin ƙasar Sin akwai shekarar da masana ba sa gardama a kanta, wato 841 kafin Miladiyya. Daga ita zuwa yau ana iya bin tarihin ƙasar shekara bi shekara. A cikinta aka fara riƙon ƙwaryar da ake kira Gonghe, bayan jama'a sun yi wa Sarki Li na daular Zhou bore ya tsere daga fadarsa. Abin da ya gabaci haka kuwa jerin sunaye ne kawai, wane ya gaji wane, babu shekarar hawa balle ta sauka. Sima Qian, babban marubucin tarihi na zamanin daular Han, wanda ya yi aikinsa wajen shekara ta 100 kafin Miladiyya, ya rubuta cewa ya duba tsofaffin takardun da ke ɗauke da shekarun sarakunan farko, ya tarar sun saɓa wa juna, shi ya sa ya ƙi shigar da su. Ya tsaya a kan zuriya.

Giɓin nan ya zauna fiye da shekara 2,000. A watan Mayu na 1996 gwamnatin Sin ta ƙaddamar da aikin cike shi, ta kuma sa shi cikin shirin raya ƙasa na shekara biyar karo na tara. Ma'ana, dole a miƙa sakamako kafin 2000 ta ƙare. Wanda ya tsaya wa aikin a gwamnati shi ne Song Jian, injiniya kuma shugaban hukumar kimiyya da fasaha ta ƙasa a lokacin. Ana ba da labarin cewa ziyarar da ya kai Masar ce ta tsaya masa a rai: ya ga an jera Fir'aunoni kowa da shekarunsa, alhali ƙasarsa da ke alfahari da daɗaɗɗiyar wayewa ba ta da irin wannan jeri.

Akwai kuma tsohon miki a ƙarƙashin maganar. A shekarun 1920 Gu Jiegang da abokansa, waɗanda aka sani da masu shakkar tarihin da, sun nuna cewa labaran sarakunan farko ƙaruwa suka riƙa yi da tafiyar zamani, marubucin baya ya fi na farko "sanin" abin da ya faru. Ƙasusuwan duba, wato ƙasusuwa da kwanson kunkuru masu rubutu da sarakunan da ke duba da su, da aka gane a 1899, da aikin Wang Guowei na 1917 da ya nuna sunayen sarakunan da ke jikinsu sun dace da jerin Sima Qian, da haƙar Anyang da aka fara a 1928, sun tabbatar da cewa daular Shang ta wanzu. Xia, wadda littattafai suka ce ita ce ta farko, ta ci gaba da zama a rataye, don ba a sami rubutu ko ɗaya daga zamaninta da ya ambaci sunanta ba.

Yadda aka haɗa fannonin

An tara masana kusan 200 daga cibiyoyi fiye da 30, ƙarƙashin jagorori huɗu, kowa da fanninsa. Li Xueqin ya riƙe tarihi da karatun tsohon rubutu, Li Boqian ya riƙe haƙar kufai, Qiu Shihua ya riƙe gwajin kabon 14 (hanyar auna daɗewar abin da ya taɓa rayuwa), Xi Zezong kuma tarihin ilimin taurari. An raba aikin gida tara, aka sake yanka shi zuwa ƙananan batutuwa 44. Dabarar a takarda mai kyau ce: mai karatun tsohon rubutu ya fito da abin da nassi ya ce, mai haƙa ya faɗi wane ɓangaren ƙasa ke ƙarƙashin wane, mai gwajin kabon ya ba da tazarar shekaru, mai taurari ya lissafa ranar da sama ta yi daidai da abin da nassin ya siffanta. Inda huɗun suka haɗu, nan ce shekarar.

Wanda ya san yadda aka sa wa Tarihin Kano shekaru zai gane inda gizo ke saƙar. Littafin ya faɗi shekara nawa kowane sarki ya yi a gadon sarauta, bai faɗi shekarar da ya hau ba. Da Palmer, wani jami'in mulkin mallaka na Birtaniya, ya fassara shi a 1908, tara shekarun ya riƙa yi yana komawa baya har ya ajiye Bagauda a 999. In magatakarda ɗaya ya ƙara wa sarki guda shekara goma, duk waɗanda suka gabace shi sun gusa. Don haka mai irin wannan aiki yana bukatar turaku, wato wasu ranaku da aka tabbatar da su ta wata hanya dabam, waɗanda zai ɗaure lissafinsa a jikinsu. Turaku biyu ne suka ɗauki nauyin jadawalin Sin, kuma sun cancanci a tsaya a kansu.

Na farko jimla ce guda a cikin Kundin Gora, wani tarihi da aka rubuta a kan tsagin gora, aka binne shi da wani basarake, ɓarayin kabari suka tono shi wajen shekara ta 280 Miladiyya. Jimlar ta ce a shekarar farko ta Sarki Yi na daular Zhou, gari ya waye sau biyu a Zheng. Tun 1944 Liu Chaoyang ya ce wannan husufin rana ne da ya zo daidai da fitowar alfijir: gari ya fara haske, wata ya rufe rana duhu ya dawo, sannan gari ya sake wayewa. A 1975 wani masani ɗan Koriya, Pang Sunjoo, ya ce husufin 899 kafin Miladiyya ne. Masu aikin sun so su ga ko ido na iya ganin haka da gaske, sai sa'a ta zo musu. Ranar 9 ga Maris 1997 an yi husufin da ya faɗo daidai da fitowar rana a arewacin Xinjiang. Liu Ciyuan na cibiyar duban taurari ta Shaanxi ya baza masu kallo a garuruwan yankin, wasunsu kuma suka ba da rahoton cewa sama ta yi haske, ta dushe, ta sake haske. Da wannan aka tsayar da 21 ga Afrilu 899 kafin Miladiyya a matsayin ranar, ita ce kuma ta zama shekarar farko ta Sarki Yi.

Wannan shi ne ɓangaren aikin da ya fi burge ni, domin an ɗauki jimlar da ta haura shekara 2,000 aka gwada ta da idon mutane masu rai. Amma a lura da abin da gwajin ya tabbatar. Ya nuna cewa husufin asuba na iya sa gari ya waye sau biyu. Bai nuna cewa abin da marubucin ya nufa ke nan ba, bai kuma faɗi inda Zheng take ba, wadda wasu ke ajiyewa a Huaxian, wasu a Fengxiang, duka a Shaanxi. Ga kuma lissafin juyawar duniya, wadda ke raguwa kaɗan-kaɗan cikin ƙarnuka. Ƙaramin kuskure a nan yana ɗauke inuwar husufi daga wannan yanki ya kai ta wancan. F. Richard Stephenson, wanda ya ƙware a kan husufan zamanin da, yana cikin waɗanda ba su gamsu da fassarar ba.

Turke na biyu shi ne yaƙin Muye, inda Sarki Wu na Zhou ya kifar da daular Shang. Kafin a fara aikin akwai ra'ayoyi 44 a kan shekarar yaƙin, daga 1130 zuwa 1018 kafin Miladiyya. Tsohon lissafin Liu Xin na zamanin Han ya ce 1122. Kundin Gora, in aka ƙirga shekara 257 da ya bai wa Zhou ta Yamma (zangon farko na daular Zhou) ana komawa baya, har da ita shekarar 771 da ta faɗi, yana ba da 1027. A 1997 masu haƙa suka sami wani ramin shara a Fengxi, kusa da Xi'an, wanda aka sa wa lamba H18. Tukwanen cikinsa na gabanin yaƙin ne, ƙasar da ta rufe shi kuma tana ɗauke da kayan farkon mulkin Zhou. Aka kwashi gawayi da ƙashi da gero daga kowane hawa aka kai ɗakin gwaji. Sakamakon, haɗe da na wasu wurare irin su Liulihe kusa da Beijing da makabartar sarakunan ƙasar Jin a Shanxi, ya matse tazarar ta koma tsakanin 1050 da 1020.

Daga nan aka miƙa wa masu taurari. A 1976 an tono wata tasar tagulla a Lintong, ana kiranta Li gui, mai rubutu haruffa talatin da 'yan kai. Rubutun ya ce Sarki Wu ya kai wa Shang hari da safiyar ranar jiazi, wato rana ta farko a zagayen kwana 60 da Sinawa ke ƙirga da shi. Sai haruffa biyu suka biyo baya waɗanda har yau ba a daidaita a kansu ba. Zhang Zhenglang ya karanta su da ma'anar tauraron Mushtari (Jupiter) yana tsaye a sama. Wasu sun ce sunan wata hadaya ce da duba. Masu aikin suka ɗauki karatun Mushtari. Ko da hakan, ƙungiyoyi biyu na cikin gida sun fito da amsa biyu: ta Jiang Xiaoyuan ta ce 9 ga Janairu 1044, ta Liu Ciyuan ta ce 20 ga Janairu 1046. Aka zaɓi 1046 saboda ta fi zama daidai da jerin shekarun da aka riga aka tsara daga rubutun tagulla.

Sauran jadawalin a kan waɗannan aka gina shi. Husufin wata guda biyar da aka ambata a ƙasusuwan duba ya taimaka aka sa Sarki Wu Ding tsakanin 1250 da 1192. Ƙaurar babban birnin Shang zuwa Anyang aka ce wajen 1300, farkon Shang wajen 1600. Ita kuwa 2070 da aka sa a matsayin farkon Xia ba daga gwaji ta fito ba kai tsaye: an ɗauki 1600 aka ɗora mata shekara 471 da Kundin Gora ya ce Xia ta yi, aka sami 2071, sannan aka daidaita ta zuwa wajen 2070.

Abin da aka buga da abin da aka riƙe

A watan Nuwamba na 2000 aka sanar da jadawalin a Beijing, tare da wani ɗan littafi da aka kira taƙaitaccen rahoto, shafi ɗari da 'yan kai. Aka ce cikakken rahoto na nan tafe. Bai fito ba sai 2022, daga maɗaba'ar kimiyya ta Beijing. A tsakanin nan Xi Zezong ya rasu a 2008, Li Xueqin a 2019. Biyu daga cikin jagorori huɗu ba su ga littafin a buge ba.

Jadawalin dai bai jira kowa ba. Ya shiga ƙamusoshi da littattafan makaranta da allunan bayani na gidajen tarihi. Ɗalibi a Sin yana haddace 2070, 1600, 1046 kamar yadda yake haddace 1949, shekarar da aka kafa Jamhuriyar Jama'ar Sin, kuma a shafi ɗaya babu abin da ke nuna masa cewa ta farkon jimillar lambobi biyu ce, ta ukun kuma zaɓi ne tsakanin amsoshin da masu aikin da kansu suka saɓa a kai.

Ba gaskiya ba ne a ce ba a buga komai ba a tsawon wannan lokaci. Tun 1997 Jami'ar Horar da Malamai ta Beijing ta fitar da kundin da ya tattara ra'ayoyin da ake da su a kan shekarar yaƙin Muye, har da na masanan waje da aka fassara zuwa Sinanci. Rahotannin haƙa da sakamakon gwaji sun riƙa fitowa a mujallun Kaogu da Wenwu. Li Xueqin ya bayyana hanyar aikin da Ingilishi a wata mujallar nazarin kufan gabashin Asiya a 2002. Abin da ya ɓace shi ne wuri ɗaya da za a ga yadda aka ɗinke guntayen: me ya sa aka karɓi wannan sakamakon gwaji aka ajiye wancan, wane karatu na nassi aka bi, wa ya ƙi yarda a taron kuma da wace hujja. A aikin fanni ɗaya, ƙwararren fannin na iya cike wannan giɓi da kansa. A aikin fanni huɗu babu mai iyawa, domin mai karatun tagulla ba zai iya duba lissafin kabon ba, mai kabon kuma ya karɓi jerin tukwane daga mai haƙa ne bisa amana.

Masu suka sun shigo ta nan. David Nivison na Jami'ar Stanford, wanda ya shafe shekaru a kan wannan lissafi, ya shaida wa jaridar New York Times tun a 2000 cewa masanan duniya za su yi kaca-kaca da rahoton. A taron ƙungiyar nazarin Asiya da aka yi a Washington a 2002 an yi gaba da gaba tsakanin wakilan aikin da masu suka. Wasu sun tafi ga zargin kishin ƙasa, cewa gwamnati ta biya kuɗi a tabbatar mata da Xia. A ganina wannan ce suka mafi rauni, ba don babu ƙanshin gaskiya a cikinta ba, sai don ba ta rushe lamba ko ɗaya. David Pankenier, Ba'amurke, ya kai ga 1046 tun farkon shekarun 1980 a mujallar Early China, ta hanyar haɗuwar taurari biyar da aka yi a 1059 kafin Miladiyya. Babban littafin tarihin tsohuwar Sin da Cambridge ta buga a 1999 ya yi amfani da 1045. Shekara ɗaya ce tsakani.

Sukar da ta ciji ita ce ta hanyar aiki. Gwajin kabon 14 ba ya ba da shekara, tazara yake bayarwa. Duk abu mai rai yana ɗauke da wani nau'in kabon da ke raguwa bayan mutuwarsa, rabi cikin kimanin shekara 5,730, sai a daidaita abin da aka auna da zoben itatuwan da aka san shekarunsu. Ana iya ba da tazarar da ake da tabbacin kashi 68 cikin 100 a kanta, ko mai faɗi ta kashi 95. Masu suka sun nuna cewa an dogara da ta 68, wadda ta fi matsewa amma ta fi yiwuwar kuskure. Sannan manhajar kwamfutar da ke ƙara matse tazarar tana bukatar a faɗa mata tun farko wane samfur ya girmi wane. In jerin mai haƙa ya karkace, amsar za ta fito a matse, da kyan gani, kuma a karkace. Tazarar shekara 30 ɗin nan, daga 1050 zuwa 1020, ita ce ta kori 1122 da duk shekarun da suka yi nisa kafin masu taurari su buɗe baki.

Rubutun tagulla ma yana da nasa tarkon. Akwai tasoshi kusan 60 na Zhou ta Yamma da ke ɗauke da cikakkiyar rana: shekarar sarauta, wata, yanayin farin wata, da sunan rana a zagayen 60. Amma kusan dukkansu "sarki" kawai suke cewa, ba su faɗi wanne ba. Kalmomi huɗu da suke siffanta yanayin wata da su kuma ba a yi ittifaƙi a kan kwanakin da kowace ta ƙunsa ba. Nivison da Edward Shaughnessy na Jami'ar Chicago suna ganin sarki na iya samun ƙirga biyu, ɗaya daga rasuwar mahaifinsa, ɗaya daga ƙarshen zaman makoki. Masu aikin ba su karɓi wannan ba. An kuma yi ƙorafin cewa taƙaitaccen rahoton bai bai wa waɗanda suka riga kaiwa ga wasu amsoshin haƙƙinsu ba, irin su Pang Sunjoo a kan 899. A littafin da aka matse haka, ambaton magabata na cikin abin da ake fara yankewa.

Daga baya ƙasa ta ba da nata hukuncin. A Janairu 2003 wasu manoma biyar suna haƙar ƙasa a Yangjiacun, gundumar Mei ta Shaanxi, suka faɗa kan wani rami mai tagulla 27, duka da rubutu. Wani faranti a cikinsu ya jero sarakunan Zhou ta Yamma tun daga Sarki Wen, jerin kuma ya dace da na Sima Qian, abin da ya faranta wa kowa rai. Amma tukwanen da ke ɗauke da shekara ta 42 da ta 43 ta sarauta, waɗanda na zamanin Sarki Xuan ne, ranakunsu ba su zauna daidai a kalandar da jadawalin ya tanadar masa ba. A 2007 Zhu Fenghan na Jami'ar Peking ya wallafa rubutun wata tasa, Yao Gong gui, da ya ce an yi ta lokacin da sarki ya naɗa basaraken ƙasar Tang sarautar Jin, a shekara ta 28 ta sarkin. Sarkin nan ko Cheng ne ko Kang. Jadawalin ya bai wa Cheng shekara 22, daga 1042 zuwa 1021, ya bai wa Kang 25, daga 1020 zuwa 996. Babu mai 28 a cikinsu. Ko wanne aka ƙara wa, dole wani abu ya gusa, ko 1046 ta matsa baya ko a rage wa wani sarki na gaba.

Ba abin kunya ba ne sabon abu ya fito ya gyara tsohon lissafi. Haka fannin yake tafiya. Matsalar ita ce jadawalin ya riga ya zama na hukuma, hujjojinsa kuma ba su gama fitowa ba, sai gyaran ya rasa inda zai shiga. Da rahoton 2000 ya fito da tazara maimakon lamba guda, da ra'ayin 'yan tsiraru a gefensa, da tasar 2007 ta zama ƙarin bayani kawai. Wa'adin shirin shekara biyar ne ya sa aka rufe muhawarar da ba ta nuna ba, bukatar jadawali mai tsafta kuma ta sa aka goge alamun ɗinki.

Duk da haka aikin ya bar abin a zo a gani. Ɗakunan gwajin kabon na Jami'ar Peking da na cibiyar nazarin kufai ta kwalejin kimiyyar zamantakewa ta ƙasa sun sami kayan aiki da ƙwarewar da suka ci gaba da amfani da su. Masu haƙa sun saba da ɗibar samfura a jere daga hawa-hawa maimakon gawayi guda daga ko'ina. Aikin binciken asalin wayewar Sin da ya biyo baya a farkon shekarun 2000 ya gaji hanyar haɗa fannoni, amma bai ɗora wa kansa alƙawarin fitar da shekarar kowane sarki ba.

Masu gwajin kabon ɗin nan ne ma suka sake taɓa ƙafar Xia. Erlitou, kufan da Xu Xusheng ya gano a Henan a 1959, shi ne wurin da akasarin masanan Sin ke dangantawa da daular. Rahoton 2000 ya sa farkonsa wajen 1880 kafin Miladiyya. Bayan ƙarin gwaje-gwaje a shekarun da suka biyo baya, Qiu Shihua da abokan aikinsa suka sauko da shi zuwa wajen 1750. Tsakanin wannan da 2070 akwai fiye da shekara 300 da dole a nema musu mazauni a wasu kufai, irin su Xinzhai da Wangchenggang, kuma har yanzu babu rubutun da aka tono a ɗayansu mai ɗauke da sunan Xia.